Injin A Jikin Keke Mai Giya: Inda Sarƙa Ke Gardama

Hanyar da ta tashi daga Damagaram zuwa Magarya, ta zarce Tinkim a bakin iyakar Najeriya, kwalta ce. Amma da zarar mutum ya sauka ya nufi ƙauyukan Waca, ko Guci da Malawa a yankin Dungas, sai yashi ya karɓe shi. A nan ne mai keke ke sauka ya tura, buhun gyaɗa ko damin rake na bayansa. Babur ya fi ƙarfin aljihun talaka da yawa, musamman tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, fetur ɗin bumburutu da ake samu da araha ya yi tsada. Ba mamaki tunanin ɗaura wa keke ɗan ƙaramin injin ya riƙa zuwa wa masu walda da masu gyaran keke.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Soichiro Honda da ita ya fara a Japan a 1946, yana ɗaura ƙananan injuna a jikin kekuna. A shekarar ce kuma Faransa ta fitar da VéloSoleX, wanda injinsa ke zaune a kan tayar gaba yana murza ta da 'yar ƙaramar ganga. Dattawan ƙasashen rainon Faransa sun san shi sarai, sun kuma san halinsa: yana cin taya, in ya shiga laka kuma sai ya yi ta zamewa.

Injin da ake samu yau galibi ɗan China ne, mai shan fetur gauraye da baƙin mai, girmansa daga cc 49 zuwa 66, ko da yake 'yan kasuwa kan kira babban 80. Ɗaura shi a tsakiyar firam ba wuya. Rigimar tana wajen isar da ƙarfinsa ga tayar baya.

Ƙafar mutum tana juya feda sau 60 zuwa 90 a minti ɗaya. Injin kuwa yana kaiwa juyi 5,000 zuwa 6,000, ƙarfinsa ya ninka na ƙafa fiye da sau goma. Giyar keke, da siririyar sarƙarta, da ɗan hannun da ke ɗaga sarƙar daga wannan faifai zuwa wancan, duk don ƙafa aka ƙera su.

Shi ya sa masu ƙera injin suka kauce wa giyar gaba ɗaya. Suna ba shi tasa sarƙar, mai kauri, lamba 415, ta bi ta hagu, ta feda kuma ta zauna a dama yadda take. Faifan injin haƙori 10 ne, na baya 44. In aka haɗa da ragin da ke cikin injin, sai ya juya kusan sau 18 kafin taya ta juya sau ɗaya. A kan kwalta wannan na ba da gudun kilomita 40 a awa ko kusa da haka.

Sai dai a dubi yadda ake ɗaure faifan nan na baya. Ba a cibiyar wili yake zaune ba. Wayoyin wilin ake matsewa tsakanin zobban roba biyu, a ɗaure da kusoshi tara. To, wilin keke mai giya ba daidai yake ba: domin a samar wa jerin faifan giya wuri a dama, wayoyin hagu sun fi sako-sako, kuma su ne za su ɗauki fizgar injin. Faifan ya ɗan karkace kaɗan, sarƙa ta riƙa tsalle. Wayoyi su fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, wili ya yi kwana. In kuwa keken mai burkin faifai ne, irin na gwanjon Turai, to burkin ya riga ya mamaye gurbin, sai an sake shiri.

Akwai hanya ta biyu, wadda ta fi burge samari. A kafa ɗan sandar ƙarfe mai juyi a bayan injin, ta ɗauko ƙarfin daga hagu ta miƙa shi dama, ya bi ta giyar keken. A takarda abin ya yi kyau, domin a yashi sai a sa ƙaramar giya, a kwalta a sa babba. Amma dole a canza faifan feda zuwa mai firiwil, in ba haka ba injin ya juya fedar ta kakkarya wa mahayi ƙwauri. Dole kuma a sassauta mai duk lokacin canza giya. Siririyar sarƙa ga fizgar injin, ga yashi ya haɗu da gires yana goge haƙora: ba ta daɗewa. Kayan kuma ba a gefen kasuwar Dungas ake tsintarsu ba, sai an aika Kano ko Damagaram.

Masu walda a Kano da ke ɗaura injin babur a keken guragu sun daɗe da yanke hukunci kan wannan: injin babur, sarƙar babur, wilin babur. Ba sa haɗa ƙarfin injin da kayan keke.

Ga wanda zai yi zirga-zirga tsakanin fadamun Korama da kasuwar Magarya, ko ya tsallaka iyaka zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis, tsohon keke mai nauyi irin Phoenix, marar giya, mai kaurin wayoyi, ya fi dacewa da injin. In kuma mai giyar ne a hannu, a bar giyar ga ƙafa, a bi ta hagu, a sa faifan baya mai haƙori 50 ko 56. Gudu zai ragu, amma keken zai ja kaya a yashi. Kafin a sayi injin ma, a fara duba burki, domin robar burkin keke ba ta tsayar da mutum da buhu a gudun kilomita 40.