Masu Karanta Hadari

A ƙauyukan da ke kewaye da Bauchi, irin su Tirwun da Miri, akwai dattawan da ba sa fito da iri don kawai sama ta yi baƙi. Iska suke fara dubawa. Muddin ta arewa maso gabas ce, mai busar da leɓe, wadda ke kwaso ƙurar Bodele ta ƙasar Chadi da hunturu, iri na nan a rumbu. Sai ta juyo daga kudu maso yamma, mutum na gumi ko a inuwa, shamuwa ta sauka, sannan su ce damina ta ƙarato. Daga Tekun Atlantika wannan iskar take ɗauko danshi, kuma wajen watan Mayu take kankama a Bauchi.

Amma danshi ba ya zama ruwa sai ya hau sama, kuma rana ce ke ɗaga shi. Tun hantsi take gasa ƙasa da duwatsun garin, iskar da ke kansu ta yi zafi, ta yi sakayau, ta tashi, kamar yadda ruwan gindin tukunya ke tasowa in wuta ta kama. Shirwar da ke shawagi ba ta kaɗa fiffike, wannan iskar ta hau. Can sama sai ta huce, tururin ya dunƙule ya zama girgije, wani ya kai tsayin kilomita 15. Busasshiyar iskar da ta rage takan gangara arewa ta sauka a kan Sahara, abin da ya sa ruwa ke wuya a can.

Inda gwanintar ta fi burge ni: danshi daga kudu maso yamma yake zuwa, amma manomi gabas yake kallo da la'asar. Ya yi daidai, domin a wajen kilomita 3 sama akwai iska mai ƙarfi da ke kora hadari yamma. Wanda ya haɗu a yamma, galibi rabon wasu ne.

Ko an sha ruwan farko, dattijon ba ya gaggawa. Zai sa fartanya ya tona, ya ga iya inda laima ta kai. In ba ta kai kamu ɗaya ba, sai ya jira na biyu, don kada gero ya tsiro rana ta ƙone shi.