Zango, Taki da Tauraron Ɗan'adam: Nazari kan Ma'aunin Ƙasa a Kudancin Kano

Tsaya a Kwanar Ɗangora ka tambayi mutum uku nisan Riruwai. Direba zai faɗa maka kuɗin mota, ya ƙara da cewa a yi sammako a tsallake dajin Falgore da sauran rana. Dattijo zai ƙirga maka kwanakin da ake yi da jaki a zamanin iyayensa. Ɗan makaranta kuwa waya zai zaro ya karanto maka kilomita. Duk cikinsu babu maƙaryaci, kowa da mudun da yake awo da shi.

Wannan nazari ya dubi waɗannan mudaye ne, da abin da ke faruwa idan aka juye ɗaya cikin ɗaya. Hausawa sun daɗe suna riƙe da taswirar ƙasarsu a ka da baki, tun kafin a zana ta a takarda. Yau ana son kowace unguwa ta shiga kundin taswira guda, wanda likita da malamin zaɓe da ɗan kasuwa za su buɗa su ga abu ɗaya. Yankin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ya ɗanɗana kowane irin awo, shi ya sa ya dace da misali.

Taswirar labari

Mafi tsufa ita ce taswirar da labari ke zanawa, kuma mudunta daraja ne. A labarin Bayajida, tafiya daga Bagadaza zuwa Barno ba ta wuce jimla biyu, amma rijiyar Kusugu ita kaɗai takan cinye rabin hira. Wurin da abu ya faru yakan kumbura, sararin da babu labari a cikinsa ya tsuke.

Dubi matsayin Rano, maƙwabciyar wannan yanki. A jerin Hausa Bakwai kafaɗa ɗaya take da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Daura da Biram. Har a rabon sana'a an haɗa ta da Kano a matsayin sarakunan baba, wato masu rini. A taswirar gwamnati ta yau kuwa, Rano ɗaya ce cikin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano. Wanda ya ɗauko girman da labari ya ba ta ya ce sai ya same shi a faɗin ƙasa, zai sha wahalar banza, domin labarin asali da zumunta yake aunawa.

Adabin zamani ya gaji wannan ɗabi'a. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, ya taso daga Kwantagora, gari na zahiri, ya bi ta Tambutu, sannan ya zarce ƙasashen da babu ayarin da ya taɓa sauka. Ganɗoki na Bello Kagara ya fara da yaƙin Turawa, ya ɓulle ƙasar aljannu. Littattafan yaƙi da ake karantawa a rediyo har gobe haka suke: birni da birni tafiyar kwana arba'in ce, ko da a babin baya an yi ta cikin yini guda. A Ingila, Tolkien sai da ya zana taswira mai ma'auni, yana lissafa tafiyar taurarinsa a kanta don kada kwanaki su saɓa. Marubutanmu ba su ɗora wa kansu wannan nauyi ba, mai sauraro ma bai nema ba. A nan akwai 'yanci, akwai kuma rauni: labari na gudu yadda ya so, amma marubuta biyu ba za su iya zama a duniya ɗaya su gina ta tare ba, tunda babu mudun da suka yarda da shi.

Taswirar fatake

Ta biyu ita ce ta ayari, mudunta zango. Madugu ya haddace jerin garuruwa kamar karatun allo: inda ake samun ruwa, inda ake biyan fito, inda sarki ke karɓar gaisuwa, inda ba a kwana. A wannan taswira Bebeji babban gari ne, domin tana kan hanyar Kano zuwa Zariya, kuma mazaunin Agalawa ce masu fataucin goro. A nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877. Ga yaron da ya tashi a irin gidansu, sunan Gwanja da Salaga ya fi kusa da kunne a kan na wani ƙauye da ke bayan tudu, ko da yake tafiyar ta watanni ce. Baturen nan Kilafatan ya ratsa garin a 1826 kan hanyarsa daga Zariya, ya kuma rubuta shi a matsayin gari mai ganuwa da ɗimbin jama'a.

Riruwai ma kuzarta ce ta sa ta a bakin fatake. Maƙeranta sun narka ta suna fitar da ita siri-siri kamar tsinke, tana shiga kasuwanni masu nisa tun kafin Turawa su bi sawunta zuwa tsaunukan Jos. Garin da ɗan birni ke gani ƙarshen duniya, a wurin mai sayen dalma cibiya ne.

Shahararriyar haɗuwar wannan ilimi da takarda ta faru ne a Sakkwato a 1824. Kilafatan ya rubuta cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zana masa Kogin Kwara a kan rairayi, ya nuna yana faɗawa teku. Amma taswirar takarda da aka ba shi, wadda aka buga a Landan a 1826, ta nuna kogin ya miƙe gabas ya nufi Masar. Masana sun daɗe suna muhawara: wasu na ganin bin tsohon ra'ayin littattafan Larabawa ne, wasu na ganin dabara ce ta ɓoye wa baƙo ƙofar gida. Sai a 1830 wani Bature mai suna Landa da ƙaninsa suka bi kogin har bakin teku. Darasin da ke ciki shi ne, mai zana taswira yana da wanda yake zana wa, yana kuma da abin da yake so a gani.

Gunduma da taki

A farkon watan Fabrairun 1903 rundunar Turawa ta Kanar Molan ta fasa ƙofar Bebeji da igwa, ranar 3 ga wata ta shiga Kano. Bayan bindiga sai awo ya biyo. Kafin zuwan Turawa, hakimai na zaune a birni, garuruwansu a warwatse, wannan a gabas wancan a kudu, jakadu ke kai da komo. Mulki na bin mutane ne, ba a damu a ja layi a daji ba. Razdan Kagil, wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma, shi ya jagoranci tattara garuruwa wuri guda, aka tura kowane hakimi ya zauna a ƙasarsa. Daga nan iyaka ta zama abin da ake nunawa da yatsa. Sai kuma malaman taki, masu auna gona da sawu domin a yanka haraji, kafin safiyo ya zo da sarƙa.

Wannan awo ya zo da amfaninsa, domin rikicin gona ya sami abin dafawa. Amma ya sake rabon girma. Layin dogo da ya iso Kano a 1911 ya bi ta Ɗangora da Yako a ƙasar Kiru, ya bar Bebeji a gefe. Tsohon zango ya zama ɗigo a takarda, tashar da ba ta da tarihi ta sami suna da manyan baƙaƙe. Sunayen ma sun sha wuya a alƙalamin baƙo: Riruwai ta fito da rubutu iri-iri a takardun Turawa, wani da "L" wani da "R", har mai bincike ya zaci garuruwa ne daban-daban.

Madatsar Tiga, da aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta nuna iyakar abin da ma'auni ke gani. A takardar injiniya, shuɗin tabo ne a kan Kogin Kano, wanda zai shayar da gonakin rani na Kadawa, kuma ya shayar ɗin. A ƙarƙashin tabon akwai gonaki da kufai da makabartu na mutanen da aka tasa. Taswirar yau ba ta ɗauke da sunayensu, sai dai a bakin tsofaffi.

Lissafin ma'auni shi ke jawo haka. A taswirar da santimita 1 ke wakiltar rabin kilomita, gona mai faɗin mita 100 ba ta wuce milimita 2. Idan aka matse jiha duka a shafi ɗaya, santimita 1 ta zama kilomita 10, ƙauye sukutum ba ya kai kan allura. Dole a zubar da wani abu, kuma wanda ke riƙe da alƙalami shi ke zaɓa. Dubi taswirar Kano: Doguwa ta zuro kudu kamar wutsiya tsakanin Kaduna da Bauci, Falgore kuma kore ne fetal, kamar babu mahaluki. Alhali makiyayi ya san kowane mashayi da burtali a wurin, maharbi ya san kowane dutse da sunansa.

Kundin kowa da kowa

Gwaji mafi girma na juye taswirar hannu cikin kundi guda ya zo ne ta hanyar rigakafin shan inna. Da farko ma'aikatan mazaɓu ke zana taswirar yankinsu da biro: ga masallaci, ga gidan mai unguwa, ga rijiya, ga kuka. Irin wannan zane ɗan'uwan taswirar labari ne. Unguwar da mai zane ya sani takan cika rabin takarda, rugar da ke nesa ta faɗa bayan shafi. Idan aka jera zanen mazaɓu biyu maƙwabta, bakinsu ba ya haɗuwa, kowa na zaton ƙauyen tsakiya na ɗaya ne, yaran wurin su tashi a tutar babu.

Daga wajen 2012 aka koma amfani da hotunan tauraron ɗan'adam, aka kuma riƙa ba masu allura wayoyin da ke nuna inda suka taka. Hoto ya fito da rufin gidajen da babu su a kowane jeri. Sai dai hoto bai san suna ba. Yana nuna bukkoki goma, amma sai an tura mutum ya yi sallama, ya tambayi sunan wurin da dagacin da suke bi. Da ɗan gari kan ci gari. Haɗuwar idon sama da bakin ƙasa na cikin abubuwan da suka taimaka: a watan Yulin 2014 aka ga mai ɗauke da ƙwayar cutar ta daji na ƙarshe a Jihar Kano, a Sumaila, a 2020 kuma aka tabbatar Afirka ta rabu da ita.

Duk da haka kundin bai gama warware matsala ba. Tudun Wada nawa ke Arewa? Akwai ta Zariya, akwai ta Kaduna, akwai ta cikin birnin Kano. Mutanen yankin sun warware wannan tuntuni da suka ce Tudun Wadar Ɗankadai, amma na'ura takan yanke jelar sunan, mai nema ya ɓace. Ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ma takan zube, ma'ana ta tafi da ita. Ruga kuwa tana tashi da kaka, taswira na nan tana nuna inda ta kwana bara. Iyakokin sarauta su ma ba su zauna ba: dokar 2019 ta sa Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ƙarƙashin sababbin masarautu, ta 2024 ta soke wancan tsari. Cikin shekara biyar an sake fenti sau biyu, duwatsun Riruwai ko gezau.

Hukunci

Kuskure biyu ake yi. Na farko shi ne a tilasta wa labari shiga mudun safiyo, a ce sai an nuna sawun dokin Bayajida da kilomita, in an kasa a ce duka ƙarya ne. Na biyu shi ne a raina awo, a ce abin da kaka ta faɗa ya wadatar, alhali asibiti da rijiyar burtsatse da rumfar zaɓe duk da nisa na haƙiƙa ake raba su. Daidai shi ne a bar wa safiyo nisa da iyaka, a bar wa ɗan gari suna da labari, a ɗora su a shafi ɗaya ba tare da ɗaya ya shafe ɗaya ba. A kan ɗigon Bebeji a rubuta cewa zango ne na Agalawa. A kan shuɗin Tiga a sa sunayen garuruwan da ruwa ya ci. A cikin koren Falgore a ja burtali.

Marubutan littattafan yaƙi su ma suna da abin ɗauka. Wanda ke son duwatsu da kogo da dajin da zai ajiye birnin aljannunsa, ba sai ya aro daga Sin ko Hindu ba, tsaunukan Riruwai sun ishe shi, in zai je ya gani ya kuma daidaita kwanakin tafiyarsa.

Aikin da ya fi gaggawa mai sauƙi ne. Manhajoji irin su OpenStreetMap a buɗe suke ga duk mai waya ya ƙara suna ko ya gyara kuskure. Malaman makarantun Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa su tura ɗalibai wurin dagatai da tsofaffi, su rubuto sunan kowace fadama da kufai da tsohuwar kasuwa, da rubutun Hausa na daidai, a ajiye kwafi a makaranta da fadar hakimi. Waɗanda suka ga ƙasar Tiga kafin ruwa ya rufe ta sun haura shekara sittin yanzu. A je a tambaye su tun suna nan.