Yayar Auta Ba Ta Da Suna: Yara Da Marayu A Adabin Hausa

Duk wanda ya ɗauki ƙagaggun labaranmu na farko ya karanta da niyyar neman yara a ciki, zai same su, to amma da wuya ya ji muryarsu. Abin da nake so in yi tsokaci a kai ke nan cikin wannan ɗan sharhi, musamman game da yadda ake kawo maraya, da kuma wanda ake nunawa yana jin ƙansa. A ganina tsohuwa mai tatsuniya ta fi marubucinmu sanin yaro, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba kaɗan ba ce.

Bari mu fara da littattafan da suka fito daga gasar da Dokta R. M. East ya shirya a 1933 ƙarƙashin Hukumar Fassara ta Zariya, waɗanda aka soma bugawa a 1934. Cikinsu babu wanda ya kai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa taɓa zuciya. Umar bai tashi ya ga mahaifinsa ba. Mijin uwarsa, Makau, an yi masa makirci a fada an kore shi daga gari. Shi kuma an sace shi yana ƙarami, ya faɗa hannun masu cinikin bayi, har Balarabe Abdulkarim ya ɗauke shi kamar ɗansa ya ƙetare Hamada da shi, ya yi karatu ya zama shaihi. Labari ne mai nauyi, ba kuwa na musun haka. Amma mai karatu ya lura da abu guda: duk hannun da ya riƙe Umar na babba ne. Da ƙyar mutum zai tuna wani wuri da yaron nan ya yi wasa, ko ƙiriniya, ko wani sa'arsa ya gutsura masa abin da yake ci. Ana iya cewa ai dattijo ne ke ba ɗalibansa tarihinsa, don haka dole ya kame bakinsa. Na yarda. Sai dai ko shaihi ya taɓa yin langa, kuma da marubucin ya bar mana ko da shafi ɗaya na wannan, da zafin satar yaron ya ninka.

A Jiki Magayi na John Tafida da East abin ya fi haka muni. Kyauta, ɗan Malam Shaihu da Zainabu, makami ne kawai a hannun Abubakar, wanda aka ƙwace wa budurwa. Yaron ya tashi ɓarawo, amma ba don halinsa ba, sai don sammun da aka yi masa. Watau ko ɓarnar ma ba a bar masa ta zama tasa ba.

Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, shi ne littafin da yaran Hausa suka fi karantawa a makaranta, kuma babu mai ja da gwanintar Imam wajen ban dariya. To amma wa ke ba da dariyar? Aku ne, da irin su Kalala da Kalalatu, da Sahoro da Sahorama. Musa ɗan Sarki aikinsa sauraro, ana ɗaure shi da labari har gari ya waye don kada ya fita. A littafi na uku Fasih ma zaman ɗaukar darasi yake yi gaban ubansa. A labarin Sarkin Busa kuwa yaran gari duka aka kwashe a bakin bashin da iyayensu suka ƙi biya, tamkar awaki. Akwai yara masu wayo nan da can cikin littafin, amma in ka saurara da kyau, wayon manya ne aka sa musu a baki.

Ban ga laifin waɗannan marubuta su kaɗai ba. Littattafan don makaranta aka yi su, kuma makaranta tarbiyya take nema. Bugu da ƙari, karin maganarmu ma ba ta cika yi wa yaro adalci ba. Mu ne ke cewa yaro man kaza, mu ne ke cewa ta yaro kyau take ba ta ƙarko. Game da maraya kuwa sai mu ce babu maraya sai rago, maganar da ke da daɗi a bakin wanda uwarsa da ubansa ke raye.

Yanzu mu koma ɗakin tsohuwa. Tatsuniyar Ruwan Bagaja, wadda Imam ya ari sunanta, ta kawo 'yar bora marar gata da aka ɗora wa laifin da ba nata ba, aka tura ta wanki wuri mai nisa. Ta yi ladabi ga duk abin da ta tarar, har da cinya da kare, ta zaɓi ƙaramin ƙwai, ta komo da dukiya. 'Yar mowa ta bi sawu da rashin kunya ta komo da kayan takaici. Tatsuniya ce mai daɗi, amma ina da ƙorafi a kanta. Kirkin yarinyar nan ciniki ne: an yi ladabi, an biya da raƙuma. Yaron da ya ji ta zai iya fahimtar cewa ana kyautatawa ne don a samu, in kuwa ba a samu ba an yi asara.

Tatsuniyar da ta fi burge ni ita ce ta Auta da yayarsa. Bakin masu ba da ita ya sha bamban, amma ƙashin bayanta ɗaya ne. Iyaye za su mutu, suka bar wa yarinya wasiyya cewa kada ta kuskura ta bar Auta ya yi kuka. Shi ke nan fa. Auta ya ce zai ƙone rumbu, ta hana, ya ɓare baki, ta ce ƙone. Suka rasa abinci suka shiga duniya. Aka sauke su gidan sarki, ya yi wa ɗan sarki ɓarna, suka gudu suka hau bishiya. Ƙadangaren da ya cece su daga masu saran bishiyar, Auta ya ce sai ya kashe shi. Tsuntsuwar da ta ɗauke su sama, ya ce sai ya tsokane ta. Kowane karo yayar ta ce a'a, kowane karo ya yi kuka, kowane karo ta sakar masa. A ƙarshe wannan rashin jin nasa ne ya kashe Dodon da ya addabi gari, ya jefa masa duwatsu masu zafi a baki, aka gane shi da takalmin da ya bari.

Abubuwa biyu nake gani a nan waɗanda babu su cikin littattafan da na ambata. Na farko, an bar maraya ya zama yaro. Auta ba abin tausayi ba ne, ba kuma waliyyi ba ne. Fitinanne ne, kuma duk yaron da ke sauraro yana dariya ne don ya san wani Auta a gidansu, in ma ba shi ne ba. Na biyu kuwa, wanda ya fi muhimmanci, mai riƙon marayan ita ma marainiya ce, ita ma yarinya ce. Ba sarki, ba attajiri, ba aljani. Ita ta goya shi, ita ta ji yunwa saboda shi, ita ta faɗo daga sama saboda shi. Kirkinta ma ba irin na littafin tarbiyya ba ne, don kuwa har da wauta a ciki: wa zai bari a ƙone rumbu saboda kukan yaro? Amma haka alherin yara yake, ba ya lissafi. Ta riƙe maganar uwarta yadda ta ji ta, ba ta san tawili ba. Sa'an nan da aka zo rabon lada, Auta aka ɗaukaka. A duk bakin da na ji tatsuniyar, ban ji an faɗi sunan yarinyar ba. Wani zai kira wannan aibi. Ni kuwa ina ganin nan ne tatsuniyar ta fi faɗin gaskiya.

Dalili kuwa, leƙa kowace unguwa. Wa ke goyon jariri in uwa na tuƙi? Wa ke kai wa tsohuwar maƙwabta tuwo da dare? Wa ke ajiye wa almajirin gida ƙanzo, har ya sa masa suna na tsokana? Wata masaniya 'yar Amurka, Enid Schildkrout, ta yi bincike a Kano cikin shekarun 1970, ta nuna yadda sana'ar matan kulle ta dogara ga aike da tallar yara. Baba ta Karo ma, cikin tarihinta da Mary Smith ta buga a 1954, ta yi dogon bayani kan riƙo da ƙawance da wasannin ƙuruciyarta. Abin kunya ne a ce mai son sanin rayuwar yaran Hausa ya fi samunta a littafin baƙo bisa ga ƙagaggen labarinmu.

Ban dariyar yara kuwa ai fage gare ta na musamman, watau tashe. Daga goma ga azumi yaro zai manna gemun auduga ya tanƙware ya zama Tsoho da Gemu, wani ya rataya tarkace ya zama Jatau Mai Magani, 'yan mata su yi Mairama da Daudu suna kwaikwayon zaman aure. Wannan tarke ne sosai, yara ke yi wa manya, manyan kuma su biya da hatsi ko kuɗi. A taron 'yan tashe ba a tambayar wa ke da uba. Wanda ya fi iya murguɗa baki shi ne tauraro, abin da aka samu kuma a raba.

Abin da ya sa na damu da wannan magana shi ne, wasu daga cikinmu 'yan wannan ƙungiya mukan kai ziyara wani gidan marayu, mu yi musu wanki da shara, mu karanta musu labari. Mun lura ba su cika son labarin da aka ce ga wani maraya abin tausayi ba. Sai su yi tsit, su sunkuyar da kai. Amma a fara Auta, sai ka ga ana nuna wani da yatsa ana ƙyalƙyatawa. Kuma a can ma akwai yayyen Auta: 'yar shekara tara da ta san wanda ba ya cin yaji, da wanda ke tsoron duhu, ta kuma san yadda ake lallashin kowanne. Mu baƙi ne masu zuwa mu tafi. Ita ce ke nan kullum. Wane littafi za mu miƙa mata ta ga kanta a ciki?

Ba na cewa ba a yi komai ba. Ibrahim Yaro Yahaya ya yi babban aiki da ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni cikin littattafai shida a farkon shekarun 1970, ya mai da kayan dandali cikin aji. Marubutan da suka biyo baya, irin su Balaraba Ramat Yakubu, sun shigo da mu tsakar gida, sun nuna abin da saki da auren dole ke yi wa 'ya'ya. Amma tattara tsohuwar tatsuniya daban, ƙaga sabon labari daban. Kuma ko a littattafan tsakar gidan, rigimar manya ce ke jan labari, yara na gefe suna shan wahalarta.

Ga 'yan'uwana masu sha'awar rubutu, ba sai an je nesa ba. In an tafi hutu, a sami littafin rubutu a zauna kusa da inda ƙanne ke tuwon ƙasa ko carafke, a rufe baki. A rubuta yadda suke zagin juna, da yadda suke shiryawa ba tare da wani ya ce a yi haƙuri ba, da yadda ake raba rake ɗaya tsakanin mutum biyar, da wanda ake ba gaɓar da ta fi zaƙi.