Iyalin Kulp na Garkida: A Auna da Mudu Ɗaya



A watan Maris na 2023 ne maƙwabtanmu 'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, suka cika shekara ɗari da kafuwar cocinsu. Idan zancen 'yan mishan ɗin da suka kafa ta ya taso a majalisa ko a bakin shago, baki biyu ake ji. Wannan ya ce ai 'yan koren Turawan mulki ne, allura a hannun dama, littafi a hagu. Wancan ya ce ba don su ba, da har gobe kudancin Borno bai san asibiti ba. Duka biyun awon son rai ne. Mu 'yan kasuwa mun san sunan mutumin da ke saye da babban mudu ya sayar da ƙarami. Saboda haka bari mu ɗauki gida ɗaya daga cikinsu, gidan Stover Kulp, mu auna shi da mudun da za mu yarda a auna mu da shi.

Kulp mutumin Amurka ne, daga jihar Pennsylvania. Ya sauka Ikko a ƙarshen 1922 shi da abokinsa Albert Helser. Biu suka nufa, amma Turawan mulki ba su bar su sun zauna a can ba, domin ba sa son a taɓa ƙasar da ke ƙarƙashin sarki Musulmi. Sai aka ba su Garkida, wani ƙauyen Bura a bakin kogin Hawul, wanda yau yake cikin jihar Adamawa dab da iyakar Borno. Ranar 17 ga Maris, 1923 suka yi addu'arsu ta farko a gindin wata tsamiya. Wannan kaɗai ya isa ya gyara mana magana ɗaya. Gaskiya ne a inuwar mulkin Ingila suka shigo, amma ba a faranti aka miƙa musu ƙasar ba.

Matansu suka biyo su. A 1924 matar Kulp, Ruth, ta rasu bayan haihuwa, jaririn ma bai zauna ba. Wani da ya tattara komatsansa ya koma gida, ba kuwa wanda zai ga laifinsa. Shi bai koma ba. Asibitin Garkida ma sunanta aka sa masa. Daga baya ya auri Christina, 'yar ƙasar Sikotilan, suka tafi Lassa suka buɗe sabon wuri a cikin Margi. Ita ma ta riga shi rasuwa, a 1952. Sai a 1963 ya bar Nijeriya, ya rasu shekara guda bayan haka. Shekara arba'in ke nan, jama'a. Ya koyi Bura, ya koyi Margi. A shekara huɗun farko mutum huɗu kacal suka yi wa baftisma. Wane ɗan kasuwa ne zai yi shekara huɗu da ciniki huɗu bai rufe shago ba?

A 1929 mishan ɗin ta buɗe mazaunin kutare kusa da Garkida. A lokacin babu maganin kirki, sai allurar wani mai da ake tatsowa daga 'ya'yan itacen Indiya, mai zafi, mai ƙarancin amfani. Aikin yau da gobe shi ne wanke gyambo da naɗe shi, aikin da dangin mara lafiya ma suke gudu. Wani likitansu, Roy Pfaltzgraff, ya yi kusan shekara talatin a wannan wuri. Zazzaɓin Lassa da muke ji a rediyo kuwa, a jikin wata nas tasu, Laura Wine, aka fara gane shi a 1969. A Lassa ta kamu, a Jos ta cika.

Wannan duka yana gefen yabo, kuma ba ma jin nauyin faɗa. Abin da suka zo kira gare shi ba mu yarda da shi ba, su ma sun san haka. Amma addininmu bai yarje mana mu tauye wa mutum haƙƙinsa don mun saɓa da shi ba. Wanda ya binne mata da ɗa a ƙasar da ba tasa ba, ya ci gaba da zama da talakawanta, ba za a ce yawon buɗe ido ya zo ba.

To, a juya mudun.

Na farko, magani da wa'azi a ƙwarya ɗaya aka dama su. Su kansu ba su ɓoye ba, asibiti da makaranta hanyar bishara ce a wurinsu. Amma mutumin da yatsunsa ke zubewa, danginsa sun kore shi, ba shi da inda zai kwana sai wurinka, yaya zai ce maka a'a? Bakin da ya ci, shi ke godiya. Zaɓin addini yana son mutum mai 'yancin tashi ya tafi, shi kuwa mara lafiya ba shi da wannan 'yanci. Abin ya fi fitowa fili da aikin ya shigo ƙasashen sarakunan Musulmi. Helser, abokin tafiyar Kulp, daga baya ya koma mishan ɗin SIM, wadda a ƙarshen shekarun 1930 aka damƙa mata mazaunan kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A nan bayanmu kuma, Molai da ke hanyar Damboa, mishan ɗin SUM ce ta riƙe ta. Da kuɗin En'e a cikin aikin, wato harajin talakawa. Ana raba jarirai da iyayensu don kada su kamu da cutar, wanda hujja ce ta likita, amma yaron da ya tashi a hannun mishan sau da yawa addinin mishan yake tashi da shi. Iyayen da aka karɓi 'ya'yansu ba su da bakin magana a lokacin. Duk mai ba da tarihin nan da gaskiya dole ya sa su a lissafi.

Na biyu, yadda ake ba da labarin. Rubuce-rubucen 'yan mishan na wancan zamani don masu ba da gudummawa a Amurka da Ingila aka yi su, kuma kowa ya san tallan da ya fi jawo kuɗi: a nuna mutane cikin duhu, sai ga Bature da fitila. Littafin da Helser ya fitar a 1934 a kan ilmantar da Bura, tun daga sunansa ya kira su mutanen da ba su waye ba. Alhali su suka ba shi masauki, suka koya masa harshe kalma bayan kalma. Wa ya ɗauko kaya a ka? Wa ya buga tubali, ya yi jinka, ya haƙa rijiya? Wa ya kwana da marasa lafiya bayan likita ya tafi barci? Bura ne da Margi. Kuma tun 1972 da cocin ta tsaya da ƙafarta, su ne suke riƙe da ita. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma a labarin sau da yawa hannu ɗaya ake gani.

Ga yabo, ga suka. Sai dai akwai tambayar da ba a cika son yi a majalisunmu ba: da Kulp ya iso, a hannun wa ya tarar da kuturu? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Musulunci ya kusa shekara dubu a ƙasar Kanem da Borno, kuma kula da irin waɗannan bayin Allah ba baƙon abu ba ne a cikinsa. Halifa Walidu ɗan Abdulmalik a Dimashƙa ya keɓe wa kutare wuri, ya yanka musu abin masarufi daga baitulmali don kada su yi bara. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa jama'a. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kafa makaranta da masauki a Alƙahira saboda ɗalibansu da alhazansu. Wakafi ke nan, sadakar da ke da gini da mai tsaro, wadda ba ta mutuwa da mutuwar mai ita. Ba ilmin ne babu ba. Aikin ne aka bar shi ya koma sulai a ƙofar masallaci ranar Juma'a.

Kada a ce mutanenmu ba su da tausayi. Da rikicin Boko Haram ya koro jama'a daga Bama da Gwoza da Baga, gidajen mutanen gari sun ɗauki 'yan gudun hijira fiye da yadda sansanoni suka ɗauka. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumba 2024, kowa ya ga yadda aka riƙa dafa abinci ana kai wa waɗanda ruwa ya raba da gidajensu. Wajen kyauta ta ranar tashin hankali, wallahi ba a bar mu a baya ba. Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an kwana arba'in. Buhun shinkafar azumi ya ƙare, hoton rabon ya gama yawo a Facebook, maraya yana nan inda yake. Bambancin Kulp da mai rabon azumi ba yawan kuɗi ba ne. Shi ya zauna, ya san sunan mara lafiya, ya riƙe littafin lissafi, ya horar da wanda zai gaje shi.

Kuma ba sai Bature ba. A garin nan Barista Zannah Mustapha ya buɗe makarantar marayu a 2007, yana karɓar 'ya'yan waɗanda rikici ya ci ta kowane ɓangare, ba ya tambayar wane ne uban yaro. Har Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama shi a 2017. Ɗan gari ne, Musulmi ne, ya zauna a kan abu ɗaya har ya yi ƙarfi.

Shawararmu ga masu hali na unguwar nan ba mai nisa ba ce. Attajirai biyar za su iya haɗa hannu su sayi shago ɗaya a Kasuwar Monday su mayar da shi wakafi, da takarda da shaidu, kuɗin hayarsa ya tsaya a kan abu guda: kuɗin makarantar marayu, ko albashin nas da za ta riƙa duba tsofaffi da masu ciki a unguwa. A sa amintattu, a riƙa karanta lissafin a gaban jama'a sau ɗaya a shekara. Limamai kuma mu riƙa faɗa a mumbari cewa kuturta yanzu tana warkewa, ƙwayoyi ne na wata shida zuwa shekara guda, kyauta ake bayarwa, kuma wanda ya fara sha ba ya sa wa kowa. Mai farin tabo a jiki da ba ya jin taɓawa ya je asibiti tun yatsu suna nan, ya daina ɓuya.

Sharaɗi ɗaya ne kawai. Abin da muka soki mishan a kansa, kada a maimaita shi da rawani. Duk wanda ya zo da ciwo ko yunwa a ba shi, ko Musa ne ko Bitrus, ba tare da an sa masa farashi a kan imaninsa ba. Jikokin waɗanda Kulp ya zauna da su maƙwabtanmu ne a kasuwa da layi. Yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a 2014 'ya'yan EYN ne, an mamaye hedikwatarsu a Kwarhi a wannan shekarar, an kai wa Garkida hari a 2020. Wutar da ta ƙone musu coci ita ta ƙone mana masallatai. Cocinsu kuwa tun asalinta ba ta yarda da ɗaukar makami ba, shugabanninsu suka yi ta kiran mutanensu da kada su rama. Wannan ma a sa shi a mudu.

Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko a kan wa ta faɗa, Ya sa dukiyarmu ta zama shaida gare mu ba a kanmu ba, Ya zaunar da Borno lafiya. Amin.