Kafin a Zare Takobi: Ina Dokar Duniyar Labarinka?

Labaran yaƙi da tsafi da ɗaliban sakandare ke rubutawa, daga Basirka har Birnin Kudu, kusan ƙofa ɗaya suke shiga: wani birni mai nisa, azzalumin sarki, boka a cikin kogo, da sadaukin da ke karkashe dakaru dubu shi kaɗai. Sai a babi na uku ko na huɗu alƙalami ya tsaya. Mu a ganinmu ba lalaci ba ne, tun ran gini ne ba a yi zane ba.

Ba laifi ɗalibi ya koyi tafiya a bayan manya irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini. Matsalar ita ce a ɗauko takobi da sunayen birane, a manta da abin da ke riƙe labari. Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta mun san cewa tsarin da ba a gindaya masa iyaka ba, rushewa yake yi. Haka tsafi yake a labari. In jarumi zai iya ɓacewa duk lokacin da ya ga dama, me zai sa gaban mai karatu ya faɗi in an kewaye shi? Don haka kafin babi na ɗaya, sai marubuci ya amsa tambaya uku: me jarumin ke nema, me ƙarfinsa ba ya iyawa, me zai rasa in ya yi amfani da shi?

Mu duba Ruwan Bagaja. Abubakar Imam yana da shekara 22 ya rubuta shi don gasar da Rupert East ya shirya a 1933, aka buga a 1934. Buƙata ɗaya ce ta fitar da Alhaji Imam daga Kwantagora: ya samo ruwan da zai warkar da ɗan sarki. Duk yawon da ya yi da duk karonsa da Malam Zurƙe, wannan igiya ce ke janyo shi kan hanya. Shi kuwa Bello Kagara, a Gandoki, sai da ya tsayar da mai karatu a kan yaƙe-yaƙen zuwan Turawa kafin ya kai shi ƙasar aljanu. Ƙarya ta fi zama in ta jingina da abin da aka sani.

A nan ne muke ganin ɗalibin kudancin Jigawa yana zaune a kan dukiya. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude na Birnin Kudu akwai tsofaffin zane-zanen shanu marasa tozo, ga kuma duwatsun da ke amo kamar ƙararrawa in an buga su. Wa ya zana shanun? Wa ake kira in an buga dutsen? Yarinyar da ta buga shi don ceton ƙaninta, me za ta biya? Ga labari nan, ba sai an ari Bagadaza ba.

Ga ɗalibin da ke shirin farawa: ka rubuta dokokin duniyarka a shafi ɗaya, ka san ƙarshen labarin, sannan ka buɗe da ranar da jarumi ya rasa wani abu, ba da jerin kakannin sarki ba.