Jinjina ga Maƙeran da ke Gyaran Adaka a Daura

Ƙarar adakar 'yan bindiga da ke girgiza Daura ranar Hawan Magajiya ko Sallar Gani, a gaban Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Faruk Umar Faruk, akwai gumin maƙera a cikinta. Wasu bindigogin gadon kakanni ne. Ƙota ta tsage, kunama ta saki, mai bindigar har ya fara tunanin sayen sabuwa. Sai maƙeri ya karɓa, ya leƙa bakinta, ya ƙwanƙwasa ƙarfen yana saurare, ya ce, "Baba, wannan gyara kawai take so."

Amanarsu ce ta fi burge ni. In tsatsa ta cinye ƙarfen, kwaɗayin kuɗin gyara ba ya rufe musu baki. Sukan ce a jingine ta, kada albarushi ya fasa ta a hannun mutum.