Tarken Fim Ɗin "Sarafina!": Ina Aka Kai Taron Ɗalibai?

Da wuya a sami wanda ya kalli fim ɗin "Sarafina!" bai zubar da hawaye ba. Mu ma mun zubar. Amma aikin mai tarke yakan fara ne bayan hawaye sun bushe, don haka muka ga ya dace mu sake duban fim ɗin da idon marubuta, musamman saboda ƙannenmu masu sha'awar ɗaukar jigon makaranta.

Asalinsa wasan dandamali ne wanda Mbongeni Ngema ya rubuta, aka fara nuna shi a Johannesburg a 1987, sannan Darrell Roodt ya mayar da shi fim a 1992. Leleti Khumalo ce ta fito a matsayin Sarafina, Whoopi Goldberg ta fito a malamar tarihi, Miriam Makeba kuma uwar Sarafina mai aikatau a gidan Turawa. Tushen labarin shi ne boren ɗaliban Soweto, a Afirka ta Kudu.

Kafin mu yanke hukunci, bari mu tuna yadda abin ya faru. A 1974 gwamnatin wariyar launin fata ta ba da umurnin a riƙa koyar da yaran baƙar fata wasu darussa, ciki har da lissafi, da harshen Afirkans, harshen da malaman kansu da yawa ba su ƙware a cikinsa ba. Iyaye da hukumomin makarantu suka yi ta kai kuka, aka yi kunnen uwar shegu da su. Kafin Yunin 1976 ɗaliban wasu makarantu a unguwar Orlando sun riga sun ƙaurace wa azuzuwa. Ran 13 ga Yuni wakilan makarantu suka yi taro, suka kafa kwamiti, suka ɗora Tsietsi Mashinini na makarantar Morris Isaacson a kan shugabanci, yana ɗan shekara 19. Su suka sa rana, suka tsara hanyar da kowace makaranta za ta bi, suka kuma ɓoye shirin har ga iyayensu. Ran 16 ga wata dubban yara suka fito, 'yan sanda suka buɗe wuta, aka kashe Hector Pieterson ɗan shekara 12 da wasu da dama. A watan Yuli gwamnati ta janye tilasta harshen.

To, me fim ɗin ya yi da wannan tarihi? Mu fara da yabo, domin yabon gwani ya zama dole. Mafi ƙarfin wurare a ciki shi ne darasin tarihi. Malamar ta koya wa yara cewa mutanen Rasha ne suka karya Napoleon, da aka kama ta aka kawo wani malami sai ya ce sanyin hunturu ne, nan take aji ya hargitse. Wannan ita ce gwaninta. Ba a yi mana wa'azi a kan ilimin danniya ba, an bar tambaya ɗaya ta cikin manhaja ta ɗauki nauyin jigon gaba ɗaya. Haka kuma ganawar Sarafina da uwarta ta nuna mana cewa wadda ke goge ɗakin Bature don ta ciyar da 'ya'yanta ita ma jaruma ce.

Inda muke da ja shi ne warwarar jigo. An buɗe fim ɗin da samari suna cinna wa makaranta wuta da dare, aka bi da bindigar da malama ta ɓoye, aka kai ga ƙona ɗan sanda Sabela. Tsakanin waɗannan kuwa waƙa ce da rawa. Ina taron? Ina gardamar wakilai a kan ranar fita? Ina yaron da ya ji tsoro aka lallashe shi, da yarinyar da ta kwana tana rubuta allunan kwali? Sai ɗaliban suka zama kamar ambaliya, fushi ya kwashe su, alhali kuwa tarihi ya nuna masu shawara ne da tsari. Bugu da ƙari, an ɗora hasken duka a kan malama da hoton Mandela da Sarafina ke yi wa magana, kamar dai yara ba sa iya tunani sai babba ya hura musu. Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san ba haka ba ne.

Mai son ganin bambanci ya nemi littafin "The Children of Soweto" na Mbulelo Mzamane, wanda ya fito a 1982. Marubucin ya taɓa koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Shi ya fara ne daga rayuwar aji, ya bi shugabannin ɗalibai cikin tarukansu da ɓuyansu. Ba shi da zaƙin fim ɗin, amma mai karatu zai fito ya san yadda ake haɗa kai.

'Yan'uwa marubuta, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, domin laifin da muka gani a can yana nan a gidanmu. A yawancin littattafanmu makaranta wurin haɗuwar saurayi da budurwa ce kawai. Ga azuzuwa babu kujeru, ga rufin da iska ta yaye, ga ɗalibai da ke haɗa kuɗin alli ko su tura wakilai gaban shugaban makaranta gabansu na faɗuwa, amma alƙalaminmu ya kau da kai. Ba cewa muke a zuga yara su fita titi ba, jinin Soweto ya isa gargaɗi. Cewa muke labari yana cikin zaman shawara: wa ya fara magana, wa ya janye, wa ya kai tsegumi, me aka samu, me aka rasa. Wanda ya iya rubuta wannan zama har mai karatu ya ƙagu ya ji ƙarshensa, ba ya bukatar ƙona makaranta a shafin farko.

Allah ya yi mana jagora, amin.